Lacca ga Masu Gida a kan Koya wa Yaro Bayan Gida

  

Abin da za mu yi magana a kansa yau abu ne wanda maza ba su saba zancensa a zaure ba, watau yadda a ke koya wa ƙaramin yaro zuwa bayan gida. Na sani da jin haka waɗansunku za su ce a ransu, "Yau ga wata sabuwa! Ina ruwan namiji da kashin yara? Ai wannan aikin mata ne." Waɗansu kuma kunya za ta kama su, gama al'adarmu ce mutum ba ya yawan zancen 'ya'yansa a gaban jama'a, balle ɗan fari. Ni ma da wannan ra'ayi na tashi. Amma ina roƙonku ku saurare ni har ƙarshe, sa'an nan kowa ya auna maganar da hankalinsa.

Gaskiya ne mata su ke wannan aiki dare da rana, Allah ya ba su lada. Amma ba mace ke gina salga ba, ba ita ke da kuɗin sabulu ba, kuma ba ita ke da ikon hana dukan yaro a cikin gida ba. Waɗannan duka suna wuyan maigida. In ya yi sakaci da su, kome ƙoƙarin matarsa, aikin ba zai cika ba. Abin da ke cikin wannan al'amari kuwa ya wuce ƙazanta da wari. Ran yaro ke ciki.

Kashin yaro ba abin rainawa ba ne

Akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane da yawa, cewa kashin jariri da na ƙaramin yaro ba shi da lahani, tun da ba ya cin kome sai nono da kunu. Saboda haka in yaro ya tsuguna a tsakar gida, sai a barbaɗa masa toka ko ƙasa, a bar shi sai an zo shara, a kwashe a zuba a juji. Wani lokaci ma kaji su riga mai shara. Mutumin da ba zai yarda babba ya yi haka a gidansa ba, sai ka ga ya tsallake na yaro bai ce kome ba.

To, ku sani wannan magana kuskure ce. Likitoci sun duba da madubinsu, sun tarar kashin yara cike ya ke da ƙwayoyin cuta, sau da yawa ma ya fi na manya, domin yara su ne cutar ciki ta fi kamawa. Har wa yau ya fi na manya haɗari ta wata hanya. Babba yakan tafi salga ko ya yi nisa, amma yaro inda ya ke wasa nan ya ke tsugunawa, kusa da murhu da randa, a wurin da ƙanensa ke rarrafe yana kai hannu baki.

Ga hanyoyin da ƙazantar ke bi ta koma cikin mutum. Ƙuda ya sauka a kanta ya tashi ya sauka a kan tuwo ko fura. Uwa ta wanke wa yaro, ba ta sa sabulu a hannunta ba, ta koma dama kunu. Kaza ta tona ta taka faifai. Ruwan sama ya kwashe ta ya kai kwata, daga kwata sai kududdufi ko bakin rijiya.

Ku mutanen Daura ba sai an gaya muku darajar rijiya ba, gama labarin kafuwar garinku ma da rijiya ya ke tafe. Ko yaro ya san labarin Kusugu da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. To, bari in ba ku labarin wata rijiya ta wata ƙasa. A shekarar 1854 cutar amai da gudawa, wadda a ke kira kwalara, ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan na ƙasar Ingila, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, sunansa John Snow, ya bi gida gida yana tambaya, har ya gane yawancin waɗanda suka mutu daga rijiya guda su ke shan ruwa. Aka cire hannun famfon rijiyar don kada a ƙara ɗiba. Da aka ci gaba da bincike, sai aka tarar wata jaririya ce ta yi ciwon a wani gida da ke dab da rijiyar. Uwarta ta wanke tsummokinta, ta zuba ruwan wankin a ramin ƙazanta, ramin kuwa yana yoyo cikin rijiyar. Ku duba fa, ruwan wankin tsumman jaririya guda! Macijin Kusugu ana ganinsa da ido, har aka sami mai sare masa kai. Wannan abokin gaba kuwa ido ba ya ganinsa, takobi ba ya kama shi. Makaminsa tsabta.

Cututtukan da ke bin wannan hanya

Na farko zawo da atuni, waɗanda ke cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasarmu, tun ba da damina ba. Mukan ce haƙori ne ke sa yaro zawo. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori ya yi daidai da lokacin rarrafe, sa'ad da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki. Ƙazantar da ya haɗiya ita ce ta ɓata masa ciki.

Na biyu kwalara. A shekarar 2021 ta bazu a Nijeriya, aka lissafta mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da ta taɓa.

Na uku tsutsar ciki. Macen wata irin tsutsa, doguwar nan da yara kan kasayar, tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a rana guda. Ƙwan yana fita tare da kashi, ya daɗe cikin ƙasa da ransa, yana jiran hannun wani yaro. Akwai kuma wata iri wadda ke huda tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta shiga hanji tana shan jini, sai ka ga yaro ya yi fari fat, ba ƙarfi.

Na huɗu shan inna. Da can mun ɗauka iska ce ke shanye ƙafar yaro. Yanzu an tabbata ƙwayar cuta ce, kuma ta cikin kashi ta ke fita ta shiga bakin wani. Cikin yara wajen 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya ne ta kan shanye, sauran suna yawo lafiya lau suna yaɗa ta ba wanda ya sani. A shekarar 2020 aka ba da shaida cewa an kawar da asalin wannan ƙwaya daga ƙasashen Afirka, amma wani nau'inta ya ci gaba da ɓulla a waɗansu jihohin Arewa bayan wannan. Saboda haka kada a hana yaro rigakafi.

Na biyar tsargiya, watau fitsarin jini. Ita ta fitsari ta ke fita. Yaro mai ita ya yi fitsari cikin kududdufi ko dam, ƙwanta ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga katantanwa ta girma, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga wanka. Wanda aka koya masa tun yana ƙarami cewa ba a fitsari cikin ruwa, ya tsare 'yan'uwansa daga wannan.

Kun ga ke nan ranar da yaro ya koyi zuwa wuri guda ya yi bayan gida, aka kuma kai abin cikin salga, an toshe ƙofofi biyar gaba ɗaya.

Yaushe a ke farawa?

Iyayenmu mata suna da wata dabara tun kaka da kakanni. Uwa takan zauna ta miƙe ƙafafunta, ta ɗora jariri a kansu sa'ad da ta ga alama yana so, ya yi a ƙasa ko cikin wani kasko. Wannan dabara ce mai kyau, kada a raina ta. Tana rage wanki, tana kuma sa yaro ya saba da yi a wuri guda. Sai dai a sa fo ko kasko a ƙarƙashi, a kai salga nan da nan. Amma ku lura, a wannan lokaci uwa ce ke lura da yaro, yaron bai iya riƙewa da kansa ba tukuna.

Riƙe fitsari da kashi aiki ne na jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma suna da lokacin da su ke ƙosawa, kamar yadda tafiya da magana ke da nasu. Yawancin yara sukan fara iyawa daga shekara ɗaya da rabi zuwa shekara 2. Waɗansu sai sun kusa 3, ba kuwa wani aibu gare su. Ba wanda ke dukan gero don ya yi saurin fid da kai. Haka kuma kada ka gwada ɗanka da ɗan maƙwabcinka, ko da wansa.

Ga alamun da za a duba. Yaro ya iya tafiya da tsugunawa da tashi ba taimako. Yakan yi kamar awa 2 bai jiƙa wando ba. In zai yi kashi yakan raɓe bayan ƙofa ko ya kama ciki, watau ya fara jin zuwansa. In ya ɓaci yakan nuna ba ya so. In an ce masa, "Ɗauko mini buta," yakan gane ya ɗauko. Kadan an ga yawancin waɗannan, to lokaci ya yi.

Akwai kuma lokatan da ba su dace a fara ba. Kada a haɗa da yaye. Yaron da aka raba da nono, aka kai shi gidan kakarsa, abin da ke damunsa ya ishe shi, a bari ya natsu tukuna. Haka in ba shi da lafiya, ko an yi masa ƙane kwanan nan, ko an ƙaura sabon gida. A ƙasarmu lokacin bazara ya fi sauƙi, gama yaro ba ya sa tufafi da yawa, wanki kuma yana bushewa da wuri, ba kamar hunturu ba sa'ad da sanyi ke hana shi fita da asuba. In an fara da bazara, kafin damina ta sauka da cututtukanta ya fara sabawa.

Yadda a ke koyarwa

Da fari, maigida ya sayo fo. Ƙaramin mazubi ne na roba wanda yaro ke zama a kai, ana samunsa a kasuwa, kuɗinsa bai kai abin da za ka kashe a ciwo guda ba. A zaɓi mai faɗin gindi wanda ba ya kifewa. A ajiye shi wuri guda kusa da makewayi, nesa da madafa da randa. A bar yaro ya gan shi, ya taɓa, ya zauna a kai ko da wandonsa, har ya san nasa ne.

Na biyu, a kiyaye lokaci. Allah ya halicci hanji da wata ɗabi'a, da abinci ya sauka cikin ciki sai ya motsa. Saboda haka a zaunar da yaro da ya tashi daga barci, da kuma jim kaɗan bayan ya sha kokonsa na safe ko ya ci tuwo, da kuma kafin ya kwanta. Kada zaman ya wuce kamar minti 5. In ya yi, madalla. In bai yi ba, a tashe shi ba faɗa, a sake gwadawa an jima. Yaron da a ke dannewa a kan fo yana kuka, ƙin fo ɗin zai koya.

Na uku, mutanen gida duka su yi magana ɗaya. Uwa da abokiyar zamanta da kaka da yayarsa mai goyonsa, kalmar da ɗaya ke faɗa ita kowa zai faɗa, wurin da ɗaya ke kai shi nan kowa zai kai shi. Ku lura da yayar nan musamman. Sau da yawa yarinya 'yar shekara 7 ko 8 ita ke yini da yaro, ita ke wanke masa. In ba a koya mata ba, ba a koya wa kowa ba.

Na huɗu, yabo. Ran da ya yi a cikin fo, a ce masa, "Yawwa, ka zama babba!" In maigida ya dawo da maraice a gaya masa a gaban yaron, shi ma ya shafa kansa ya sa masa albarka. Kada ku raina wannan. Kalma guda daga bakin uba tana da nauyi ga yaro ƙwarai.

Na biyar, tsarki da wanke hannu. A wanke masa da ruwan buta da hannun hagu. In mace ce, a wanke daga gaba zuwa baya, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara ta sa mata ciwo. Sa'an nan a juye fo cikin salga nan take, a wanke shi, ruwan wankin ma cikin salga za a zuba. Daga nan mai wankewa da yaron duka su wanke hannu da sabulu. In ba sabulu, toka ta fi ruwa zalla. Waɗanda ke sa wa yara famfas kuma, kada a jefa shi a kwata ko a kan juji inda awaki da kaji ke tonawa. A karkaɗe abin da ke ciki a salga, a ƙulle shi a binne.

In yaro ya kai shekara 3 ko 4, ya ƙware da fo, sai a fara raka shi salga, babba na tsaye kusa. A nan ne za a fara koya masa ladubban da malamai suka karantar da mu: shiga da ƙafar hagu, fita da dama, suturta jiki, da barin yin bayan gida a hanya ko a inuwar da mutane ke hutawa ko cikin ruwa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ya san tsarki a ke koya kafin salla. Yaron da za a umurta da salla yana ɗan shekara 7, tun yana ɗan shekara 2 a ke aza masa harsashinta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Duka ba ya koyar da wannan

Yanzu zan faɗa muku laifin da ni kaina na yi, don kada waninku ya maimaita. Ina da wani yaro, sa'ad da ya ke ɗan shekara 2 da 'yan watanni, ran nan na yi baƙi a zaure, sai ya fito ya tsuguna a gabansu. Kunya ta rufe ni. Da baƙi suka tafi na ɗauki tsumagiya na zane shi. A zatona na yi tarbiyya.

Abin da ya koya daban ne. Ya ɗauka yin kashin ne laifi, ba wurin da ya yi ba. Sai ya shiga riƙewa. In ya ji yana zuwa, ya matse ƙafafu ya raɓe a lungu yana gumi. Kwana 3, kwana 4, ba ya yi. Abin ya bushe a cikinsa ya yi tauri, ran da ya fito kuwa da kuka da ɗan jini ya fito. Zafin nan ya ƙara masa tsoro, tsoron ya ƙara masa riƙewa. Daga baya sai muka riƙa ganin ɗan ruwa-ruwa a wandonsa, muka ce zawo ne, ashe cikin ne ya cushe, mai ruwan ke zagayowa ta gefe. Sai da muka kai shi asibiti, aka ba shi magani mai tausasa ciki, aka ce a yawaita masa ruwa da miyar ganye da 'ya'yan itace irin su gwanda da mangwaro. Wata da watanni muna lallashi kafin ya daina tsoron fo. Dukan da bai kai minti guda ba, shi ya jawo mana wannan wahala duka.

Saboda haka, jama'a, in yaro ya yi kuskure, a share, a wanke, a ce masa, "Gobe a fo za ka yi." Ko wanda ya iya ma yakan koma baya in ya yi zazzaɓi ko aka yi masa ƙane. Sannu ba ta hana zuwa. Kai maigida, kai za ka kafa wannan doka a gidanka, cewa ba a dukan yaro saboda kashi ko fitsari. Ka fara da kanka.

Fitsarin kwance

Rana daban, dare daban. Yaro yakan iya riƙewa da rana tun da daɗewa kafin ya iya da dare. Cikin yara 100 'yan shekara 5, wajen 15 suna fitsarin kwance, kuma kowace shekara waɗansu suna bari da kansu. Ba lalaci ba ne, ba kuma ganganci ba. Yaron barci ya ke yi, bai san ya yi ba. Abin yakan bi jini, in ka bincika sau da yawa za ka tarar uban ko uwar ko wani kawu ya yi haka da ƙuruciya.

A waɗansu wurare akan ɗora wa irin wannan yaro tabarmarsa a ka, ko a ɗaura masa kwaɗo, yara su bi shi suna kiransa amalala. Wannan ba ya ƙara wa mafitsara ƙarfi. Abin da ya ke yi shi ne ya karya wa yaro zuciya, har ya girma yana jin kunyar shiga mutane. Ku hana a yi wa 'ya'yanku haka. Abin da ya kamata shi ne a ba shi ruwa isasshe da rana, a rage da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanensa, a ajiye masa fo da fitila kusa, don yara da yawa tsoron duhu ke hana su fita.

Amma a kai shi asibiti in ya wuce shekara 7 bai bari ba, ko ya daɗe da bari ya komo, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko akwai jini a ciki. Haka kuma in yana yawan ƙishirwa da yawan fitsari yana ramewa, a gaggauta, gama wannan yana iya zama ciwon sukari. Yara masu sikila ma sukan daɗe suna fitsarin kwance, saboda ƙodarsu ba ta iya rage fitsari da dare kamar ta sauran yara. Su ma haƙuri za a yi da su.

Salga aikin maigida ce

Duk abin da na faɗa ba shi da amfani in ba inda za a juye fo. Dattawan da ke nan sun tuna zamanin En'e, sa'ad da duba-gari ke shiga gida gida yana leƙa randa da salga. Yau kowa ya zama duba-garin gidansa.

A haƙa salga nesa da rijiya, kamar mita 30, watau wajen taki 40 na babban mutum, kuma a gangare, ba a tudun da ruwa zai gangaro wa rijiya ba. Kada ramin ya kai ga ruwan ƙasa. Ƙasarmu ta Daura yawancinta jigawa ce, rami yakan rufta da damina, saboda haka a ɗaure bakinsa da bulo, a daɓe samansa da siminti don ya wanku. Bakin salga kuma ya zama ƙarami, wanda ƙafar yaro ba za ta zurma ba. Yara da yawa da ke ƙin salga tsoron faɗawa su ke yi, kuma suna da gaskiya. A yi mata murfi, a riƙa rufewa saboda ƙuda. A ƙofar makewayi a ajiye buta da sabulu ƙasa-ƙasa, inda hannun yaro zai kai. A saya masa takalmi, ko na roba ne.

Wannan magana har hukuma ta shiga cikinta. A watan Nuwamba na shekarar 2019, Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a kan umurni na hana yin bayan gida a fili cikin Nijeriya duka. A shekarar 2022 aka ba maƙwabtanmu na Jigawa shaidar zama jiha ta farko da ta cim ma wannan. Amma hukuma ba ta kwana a gidan kowa. Gari yana iya cika da salga, in ana zubar da kashin yara a juji, cuta ba ta tafi ko'ina ba. Ka kuma yi wa maƙwabcinka magana da ladabi, gama ƙudan gidansa ba ya neman izini kafin ya tsallako katanga.

In zawo ya riga ya kama yaro

Kome tsabtar gida, wata rana yaro zai yi zawo. Abin da ke kashewa a cikinsa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kada a hana shi nono ko abinci ko ruwa da nufin wai cikin ya tsaya. A sayo ƙunshin garin gishiri da sukari wanda a ke sayarwa a kantin magani, a dama kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Yanzu da kuka iya karatu, ku za ku karanta wa matanku. In ba a samu ba, a tafasa ruwa lita 1, a bari ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Akwai kuma ƙwayar zinki da a ke ba yaro kwana 10 zuwa 14, ku tambayi ma'aikacin lafiya. Tun shekarar 2022 kuma aka sa rigakafin wata ƙwayar zawo mai suna rota cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, ɗigawa a ke yi a baki. Ku tabbata an kai naku.

In kuwa kun ga idon yaro ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya daina fitsari, ko ya ƙi kama nono, ko akwai jini a kashinsa, ko yana amai ba tsayawa, to kada a jira gari ya waye. Ka ɗauke shi da kanka zuwa asibiti mafi kusa. Ka kuma bar wa matarka izini tun yau, cewa in haka ta faru ba ka gida, ta tafi da shi ba sai ta jira ka ba.

Ƙarshe

To, jama'a, ga abin da na ke so kowa ya koma gida da shi. Kashin yaro cuta ne kamar na babba, wurinsa salga. A jira yaro ya nuna alama, a koya masa da lallashi da yabo. Kada a doke shi, kada a kunyata shi saboda fitsarin kwance. Fo da salga mai murfi da buta da sabulu, maigida ke kawo su. Kowa ya wanke hannu bayan tsarki da kafin abinci.

Yau in ka koma, kafin ka zauna cin tuwo, ka zaga tsakar gidanka da makewayinka ka duba da idonka. Abin da ka gani ya ɓaci, ka gyara kafin ruwa ya sauka. Ka kuma karanta wa mutanen gidanka wannan takarda, su ma su ji.

Allah ya raya mana zuriyarmu, ya ba su lafiya, ya sa su zama masu tsarki da jin ƙan iyaye. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Daura lafiya. Amin. Haza wasalam.